Wata Bakwai a Ɗakin Gwaji

Bahaguwa ake ce mata tun tana aji uku, saboda da hagu take rubutu, kuma malamai sun yi ta fama su juya mata hannu har suka gaji suka ƙyale ta. Sunan ya bi ta gida, ya bi ta kwalejin fasaha, ya hau da ita benen kamfanin da take aiki yanzu, inda injiniyoyi talatin da ɗaya ke ƙarƙashinta. A gabanta Shugaba suke cewa, tana juya baya a koma Bahaguwa. Ta sani sarai, ko a jikinta.

Mahaifinta gyaran agogo yake yi a wani ɗan shago kusa da tashar mota, wanda mutum uku ba sa iya tsayuwa a ciki. Nan take zama bayan makaranta, tana kallon yadda yake shimfiɗa farin ƙyalle ya jera ƙananan kusoshi bi da bi yadda suka fito. Kafin ta gama kwaleji kowa ya koma duba lokaci a waya, shagon ya zama na sayar da batir da maɗaurin agogo. Ita kuwa shekara biyu ta yi tana yawo da takardun karatun lantarki a jaka, ba wanda ya kira ta. Da ta ga wani kamfani mai ƙera wasannin waya yana neman mai gwaji, sai ta je, aka ɗauke ta.

Ummanta ta saurari bayanin aikin har ƙarshe, sannan ta tambaya ko dai nufin wasa za ta riƙa yi ana biyanta. Bahaguwa ta ce kusan haka ne. Daga ranar, duk maƙwabciyar da ta tambaya sai Umma ta ce 'yarta tana aiki a ofishin kwamfuta, ta yi sauri ta kawo wani zance.

Kamfanin yana hawa na biyu, saman wani shagon fenti, don haka warin fenti ne ke fara gaishe ka a matakala. Ɗakin gwaji yana can ƙurya, tsakanin banɗaki da wurin ajiye tsintsiya, ba shi da taga. Akwai kanta mai ɗauke da wayoyi sun fi arba'in, wasu allonsu ya tsage, wayoyin caji sun sarƙe kamar saiwa, ga wata fanka da ke yin ƙas duk lokacin da ta juya kai. Wasan da kamfanin ke ci da shi na gina gari ne. Mutum zai fara da bukka ɗaya da rijiya, a hankali ya yi kasuwa, ya yi gada, ya yi makaranta. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna gina garinsu. Aikin Bahaguwa shi ne ta yi duk abin da mai hankali ba zai yi ba: ta dasa bishiya a tsakiyar kogi, ta danna bango ɗaya sau ɗari biyu, ta ga ko wasan zai birkice.

A wata na biyar ta lura cewa a ƙananan wayoyi masu araha, da zarar gari ya wuce gida sittin aka yi ruwan sama a ciki, sai wayar ta ɗauki zafi, wasan ya mutu. Ta rubuta rahoto. Shiru. Ta sake rubutawa har sau biyar. A na biyar ne babban injiniya ya amsa da layi ɗaya, cewa masu irin wannan wayar su sayi ta kirki. Dattijo ake kiransa, ko da yake bai kai hamsin ba, furfura ce ta yi masa sammako.

Ba ta sake rubutu ba. Ta kunna wasan a wata 'yar baƙar waya, ta bari ruwa ya zuba har wayar ta yi zafi, ta ratsa ɗakin injiniyoyi ana kallonta, ta tsaya a gaban teburinsa.

"Baba, riƙe mini wannan. Minti ɗaya kawai."

Ya karɓa bai san dalili ba, kafin ya ƙirga goma ya ajiye ta yana yarfe hannu. Ta gaya masa cewa cikin mutum goma da ke buga wasansu, takwas irin wannan wayar gare su, kuma a aljihunsu suke mayar da ita. Injiniyoyi suka zuba ido, ana jira a ga kora. Dattijo ya daɗe yana dubanta ta saman tabarau, sannan ya ce tunda bakinta ya iya, sai a ga ko kanta ya iya. Ya buɗe mata hanyar karanta rubutun da ke tafiyar da wasan, abin da suke kira kod, ya ce in ta gano ciwon zai ba ta kujera.

Sati shida ta yi. Ta buga shafuka a takarda tana karantawa a cikin bas, tana karantawa a lokacin cin abinci, tana ja musu layi da jan biro. Abin da ta gano ƙarami ne har ya ba ta haushi: kowane ɗigon ruwa da wasan ya zana ba ya goge shi bayan ya faɗi, sai su yi ta taruwa inda ido ba ya gani har wayar ta kasa numfashi. Layi huɗu ta gyara. Dattijo ya gwada da kansa, bai yabe ta ba, ya dai tashi ya jawo kujera daga teburin wani da ke hutu ya ajiye kusa da tasa.

Shekara tara ta yi a wannan kujerar. A ciki ta auri wani mai kemis, mutum mai sanyin hali da son barkwanci, suka haifi 'ya'ya mata biyu. A ciki kuma Dattijo ya koya mata abin da ba ya cikin kod: yadda za ta gane injiniya ya maƙale alhali yana cewa komai lafiya, yadda za ta raba faɗan masu zane da masu rubutu ba tare da ta ba kowa gaskiya duka ba, da yadda ake ce wa Mai Kamfani a'a a tafi ana dariya. Wannan na ƙarshen ne ba ta taɓa ƙwarewa a kai ba. A'arta ba ta zuwa da dariya.

Da ciwon ido ya tilasta wa Dattijo ajiye aiki, ya ce wa Mai Kamfani ita ce za ta gaje shi. Mai Kamfani ya ce to, ta yi riƙon ƙwarya a gani. Ta riƙe wata goma sha huɗu, aiki bai taɓa tsayawa ba. Sai ga masu zuba jari sun shigo, suka ce suna son wanda aka san sunansa. Aka kawo wani daga babban kamfani, kullum cikin kwat ko da wuta ta ɗauke, nan take ya zama Mai Kwat. Mai Kamfani ya kira Bahaguwa ya yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe ya ce ita gwana ce amma ba ta iya magana da masu jari ba, don haka za ta zama mataimakiya. Ta haɗiye, ta kwashe kayanta daga ofishin da kanta.

Mai Kwat ba wawa ba ne. Ya taɓa zama injiniya, ya iya tsara magana, har ya samo musu sababbin kwamfutoci. Ciwonsa ɗaya: in yana gaban masu jari bakinsa ba ya iya riƙe alkawari. Haka ya yi musu alkawarin cewa ranar ɗaya ga wata za a saki sabon zubin wasan, wanda 'yan wasa za su riƙa ziyartar garuruwan juna. Kafin hakan ta yiwu, dole a kwashe garin kowa daga tsohuwar ma'ajiya zuwa sabuwa. Bahaguwa ta ce ba a gama gwada kwashewar ba, ana buƙatar ƙarin sati uku. Ta faɗa a taro, ta kuma rubuta masa. Ya amsa a rubuce cewa ya ji, amma rana ba ta ɗaguwa.

Wanda aka ɗora wa aikin kwashewar wani injiniya ne sa'anta, mai in'ina, wanda saboda haka ba ya son magana, ana ce masa Shiru. Ranar Talata da safe Mai Kwat ya tsaya a bayansa ya ce ya danna, shi kuwa Shiru ya danna. Kafin azahar garuruwa dubu arba'in sun ɓace. Mutane suka buɗe wayoyinsu suka tarar da bukka ɗaya da rijiya. Saƙonni suka yi ta shigowa, na zagi da na roƙo. Wanda ya tsaya wa Bahaguwa a rai na wata mata ne, da ta ce ita da mahaifiyarta suka gina garinsu a gadon asibiti cikin watannin jinya, mahaifiyar ce ta zaɓi inda aka sa kowane gida, kuma yanzu ba ta duniya.

Ranar Alhamis aka kira ta ofishin Mai Kamfani. Mai Kwat na zaune a gefensa, wakilin masu jari yana cikin allon kwamfuta. Aka turo mata takarda: sallamar Shiru ce saboda sakaci, ana son sa hannunta tunda ita ce a kansa kai tsaye. Ta karanta sau biyu, ta rufe biro, ta mayar da takardar.

"Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba."

Mai Kamfani ya ce ta yi tunani, dole a nuna wa jama'a an ɗauki mataki.

"Shiru ya danna abin da aka ce ya danna," in ji ta. "Wanda ya ce a danna ga shi nan kusa da kai. Ni kuma da na san ba a gama gwaji ba, na tsaya rubuta takarda maimakon in tare ƙofa. In kora za a yi, a fara da mu biyu."

Mai Kwat ya fara cewa ba a zo nan don nuna wa juna yatsa ba. Ta ce ai takardar da ke kan tebur yatsa ce, kuma mutumin da ba ya iya kare kansa da baki aka nuna. Ta ƙara da cewa duk ranar da Shiru ya karɓi wannan takardar daga hannun ko waye, za ta tara ma'aikata ta karanta musu gargaɗin da ta rubuta da amsar da aka ba ta. Wakilin masu jari ya yi tari ya ce layinsa ba kyau. Takardar ta koma durowa.

Korarta ba ta yiwuwa, don ba lungun wasan da ba ta sani ba. Korar Mai Kwat ma ba ta yiwuwa, don na masu jari ne. Sai aka nemi hanya ta uku. Ranar Litinin ta tarar an share teburinta, an bar mata wasiƙa mai daɗin baki cewa an ba ta muhimmin aiki na kula da inganci. Wato an mayar da ita ɗakin gwaji, an kuma rufe mata hanyar shiga kod. Har mai shara ya san fassarar wasiƙar: ana so ta yi zuciya ta tafi.

Da yamma tana yanka albasa maigidanta ya jingina da ƙofar kicin ya ce kamfani biyu sun sha nemanta, me zai sa ta zauna a wulaƙanta ta a gaban waɗanda ta koya wa aiki. Har ya ce in ta ga dama ta zo kemis ya ba ta shugabancin injiniyoyi, akwai fanka biyu da firji da ke neman shugaba. Ba ta yi dariya ba.

"Zan tafi ranar da na ga dama, ba ranar da aka tura ni ba," ta ce. "Kuma in na fita yau, jibi takardar Shiru ta fito daga durowa."

Umma kuwa da labari ya kai mata, cewa ta yi 'yar nan ta je ta ba manya haƙuri, ba a jayayya da mai biyanka. Bahaguwa ta durƙusa ta saurara da ladabi, ta ce Umma ta yi mata addu'a kawai, haƙurin ne ba ta da abin da za ta bayar a kai.

Haka ta koma ƙurya. Kullum takwas saura biyar tana matakala, ta gaida kowa da sunansa, ta gaida Mai Kwat gaisuwa cikakkiya har da tambayar iyali, ta wuce ɗakinta. Ta warware wayoyin caji ɗaya bayan ɗaya, ta manna wa kowace waya lamba. Ta shiga yi wa wasan irin gwajin da bai taɓa gani ba, rahoto na bin rahoto, kowanne da lambarsa, ba zagi ba habaici. Injiniyoyi suka fara leƙowa, wai sun zo aron waya. Mai Kwat ya hana. Sai suka koma zuwa da kwanon abincinsu a lokacin hutu, su zauna a kan kwalaye su faɗi inda suka maƙale. Ba ta taɓa karɓar kwamfutar kowa ba, tunda an hana ta. Tambaya kawai take yi, har mutum ya ajiye cokali ya tashi da gudu.

Ba kullum abin ke zuwa da sauƙi ba. Akwai ranar da aka yi taron tsara aikin shekara, tana jin muryoyinsu ta bango, ita tana dasa bishiya a kogi. Ranar ta koma gida ta yi wa babbar 'yarta faɗan da ya fi laifinta a kan takalmi, yarinyar ta ce ai ba ita ta canja mata ofis ba. Bahaguwa ta shiga ɗaki ta daɗe a zaune bakin gado. Washegari takwas saura biyar tana matakala.

A wata na huɗu tana binciken wayoyin kanta, sai ta ga wani abu a cikin wata tsohuwar waya: sabon zubin bai goge tsohon garin da ke cikin wayar ba, ya dai daina kallonsa ne. Garin yana nan kwance, gida-gida. Ta duba waya ta biyu, ta uku, ta goma, duk haka. Ma'ana, duk wanda bai cire wasan ba kuma bai canja waya ba, garinsa na aljihunsa. Ta zauna ta rubuta shi kamar kowane rahoto, lamba ɗari shida da sha biyu, ta aika ta hanyar da aka ce ta riƙa bi, wato teburin Mai Kwat.

Sati uku rahoton na kwance. Ko bai karanta ba ne, ko ya karanta ya ga daga inda ya fito, ba wanda ya sani. Ita dai ta ambata wa Shiru lambar rahoton sau ɗaya a bakin matakala. A taron Litinin na gaba, gaban Mai Kamfani da kowa, Shiru ya miƙe da takarda a hannu. Mutumin da ya shekara bai ce uffan a taro ba ya fara karatu, kalma na maƙalewa yana jan ta da ƙarfi, gumi na zuba. Shafi ɗaya ne, ya ɗauke shi kusan minti goma. Mai Kwat ya so ya taimaka masa ya taƙaita, Mai Kamfani ya ɗaga hannu ya ce a bar shi ya gama.

Cikin wata biyu aka dawo da garuruwa dubu talatin da ɗaya. Sauran sun tafi, masu su sun cire wasan cikin fushi. Na matar nan na cikin waɗanda suka tafi. Bahaguwa ta rubuta mata da kanta, ta faɗi abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye, ta ce laifinsu ne. Amsa ba ta zo ba.

A wata na bakwai Mai Kwat ya samu wani wuri ya tafi, aka yi masa liyafa da jawabin yabo. Bayan kwana biyu Mai Kamfani ya zo ɗakin gwaji, wurin da ya yi shekaru bai taka ba. Ta miƙe ta gaishe shi, ya duba bai ga kujera ta biyu ba, ya zauna a kan kwali. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, ta koma ofis ta ci gaba da riƙewa.

"Ranka ya daɗe, na gama riƙe wa wani," ta ce. "In nawa ne a rubuta nawa ne."

Ta jero sauran: ba za a sake yi wa kowa alkawarin rana ba sai tana wurin, takardar da ke durowa a yaga ta a gaban Shiru, ɗakin gwaji kuma a fasa masa taga. Ya ce ita dai ba ta san a lallaɓa ba. Ta ce haka ne. Ya yarda da uku, ya ce bangon na mai gidan haya ne, ba shi da ikon fasawa. Ta ce to, masu gwaji su dawo cikin ɗakin injiniyoyi, a mayar da nan wurin ajiye kaya. Ya tashi yana kakkaɓe riga, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ita kuwa ta ɗauka e ce, washegari ta sa aka kwashe kantar.

Shekara biyar ke nan. Ba za a ce aiki da ita hutu ba ne. Injiniyoyi biyu masu kyau sun tafi suna cewa taurin kanta ya yi yawa, kuma a kan ɗaya daga cikinsu ta san shi ke da gaskiya: ta nace a bi hanyarta wajen gina wasa na biyu, aka yi asarar wata huɗu kafin a koma hanyar da ya faɗa tun farko. Ta tsaya a taro ta faɗi haka da bakinta, ta kira shi a waya ta faɗa masa. Ya gode, amma bai dawo ba.

A watan jiya masu jari suka kira ta ta kwamfuta, suka zo da sabuwa. Suna so a sa wata manhaja a kwamfutar kowane injiniya, mai ƙirga sau nawa mutum ya taɓa madannai a yini, don a san mai aiki da mai zaman banza. Bahaguwa ta ce a fara sa wa tata, za su ga ranar da ta fi amfani ita ce ranar da ba ta taɓa komai ba, tana zagaya tebura tana sauraro. Ɗaya daga cikinsu ya tambaya ko ta san akwai masu iya wannan aikin nata da yawa a waje. Ta ce ta sani, in suna so za ta ba su sunayen uku masu kyau har da lambobinsu, amma muddin ita ce a wurin ba za a sa wa mutanenta wannan abin ba. Suka ce za su yi nazari su waiwaye ta. Ta yi musu fatan alheri, ta kashe kiran, ta leƙa ɗakin masu zane ta tambaya ko mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya zo.